Ruwan Da Bai Kai Gwiwar Hannu Ba

A Tungar Jaje, wani ɗan ƙauye da ke kan jigawa arewa da Bazaga, ba a shuka sai Labo ya ce a shuka. Ba sarauta ba ce. Ba a naɗa masa rawani a kanta ba, ba ya kuma cin ƙwayar hatsin kowa saboda ita. Gado ne kawai. In ruwan farko ya sauka, sai ya shiga gonar gandunsu shi kaɗai, jama'a na tsaye a bakin gona, ya durƙusa ya tona ƙasa da hannu. In danshi ya bi hannun har gwiwa, ya ɗaga shi sama kowa ya ga jiƙaƙƙen yashi a manne, a je a ɗauko sungumi. In danshin ya tsaya a tsintsiyar hannu, ya kaɗe hannunsa ya ce a koma gida, wannan ruwan kashe ƙura ne. Haka ubansa ya yi, haka kakansa. Abu ɗaya ya sa mutane suka amince da gidan: bakinsu bai taɓa faɗin abin da hannunsu bai ji ba.

Bazarar da ta biyo bayan babban fari ta zo da abin da ko tsofaffi ba su taɓa gani ba. Daminar da ta wuce hatsi ya kai ƙugu ya tsaya, ya bushe a tsaye bai fid da kai ba. Ga iyakar Najeriya a rufe. Samarin da suka tsallaka cin rani, har da Lurwanu ɗan Labo, sun maƙale can, ba su ba aike. Abin da ake ci 'ya'yan anza ne, waɗanda sai an jiƙa an zubar da ruwan an sake jiƙawa kafin ɗacinsu ya fita, sai kuma 'yar jar dawar taimako da ake ɗaukowa daga Konni a amalanken jaki in rabo ya faɗo. Rana kuwa tun da hantsi take fitowa kamar an buɗe bakin maƙera. Yashi ba ya takuwa. Awaki ma sun daina kuka.

Duk wanda ya san noma ya san a shekara irin wannan dukiya ɗaya ce ta rage wa talaka, ita ce iri. Wanda ya ci irinsa ya ci baɗinsa tun bana.

Labo yana da dami biyu na iri, zangarniyar da ya zaɓa ɗaya bayan ɗaya tun shekarar da aka samu albarka, ya adana a rumbun laka, irin wanda ake shiga ta sama da tsani. A gidansa, kamar sauran gidajen ƙasar, mace ba ta hawa rumbun mijinta. Shi ke shiga, shi ke fid da abin da za a daka. Matar da ta leƙa rumbu ta shaida wa duniya ɗaya cikin biyu ke nan: ko mijinta ya gaza, ko ita ɓarauniya ce. Wannan doka ba ta cikin littafi, amma mutane sun fi tsoronta da wadda ke cikin littafin.

Wata safiya ya je duba irin saboda ɓeraye, ya tarar da tsani a jingine ta gefen da ba nan yake jingine shi ba. Ya hau, ya ɗaga jinka, ya dira ciki. Igiyar damin ta yi sako-sako. Ya tura hannu, hannun ya shige inda da ba ya shiga. An zare zangarniya daga tsakiya, an mayar da ɗaurin yadda yake. Ɓera ba ya ɗaura igiya. Da ya sauko ya dubi gindin tsani, sai ga sawun ƙafa ƙarama mai faso a dunduniya. Shekara talatin yana ganin sawun nan tsakanin rijiya da madafa. Na Barira ne, matarsa.

Ya sa ƙafa ya share sawun.

Daga inda yake tsaye yana hango A'ishatu, matar Lurwanu, zaune a inuwar danga da jariri a cinya. Nononta ya kusa ƙafewa, yaron kuma kukansa ya koma kamar na ɗan akuya. Barira ta miƙa mata ƙwarya, Labo ya hango wani abu fari a ciki. Jar dawa ba ta yin fari. Bai matsa ya gani ba, don suruki ba ya leƙa ƙwaryar surukarsa. Ya haɗa sawu da ƙwarya a ransa, ya yanke hukunci.

Tambaya ɗaya ta rage masa: Barira, ina kika kai hatsin? Bai yi ta ba. Tambayar ita kanta tuhuma ce, in kuwa ta amsa, dole ya yi wani abu, kuma wane ne zai hukunta mace don ta ciyar da jikansa? Ya yi tunanin ɗauke tsanin ya kai zaure, sai ya ga ɗauke tsanin ma magana ce. Ya bar shi. Da kasuwar Bazaga ta zagayo ya sake hawa, ya tarar dami na biyu ma ya fara ramewa. Irin wannan shirun mutanenmu suna kiransa kunya, suna yabonsa. Wani lokaci kunya ce. Wani lokaci kuma ragonci ne ya sa babbar riga.

Da azahar maza kan taru a ƙarƙashin babban gawon da ke bakin gonar Labo, don shi kaɗai ne itacen da ke da ganye a wannan lokaci. Ran nan akwai Dogo, taubashin Labo, ɗan ƙanwar ubansa, mutumin da bakinsa ba ya hutawa. Ya shanya batiran rediyonsa a rana wai su farfaɗo. Akwai kuma Sajo, Bafillacen da ke sauka a gonar kowane rani shanunsa su zuba taki. Fari ya bar shi da saniya uku. Kowane Bahaushe Kaɗo yake ce masa.

"Kai mai hannu," in ji Dogo, "yaushe za a yi ruwa? Ko hannun ma ya bushe?"

"Hannu ba shi kiran ruwa," Labo ya ce. "In ya zo dai in gaya maka ko ya isa."

"Rediyo ta ce an yi ruwa Gaya."

Sajo ya yi tsaki. "Gaya ina, nan ina? Kaɗo, ɗaga kanka ka dubi gawon da kake zaune ƙarƙashinai. Ko ganye guda bai zubar ba. Shamuwa ba ta iso ba. Iska har yanzu ta gabas ce. Shanuna ko sau guda ba su ɗaga hanci kudu ba."

"Shanunka?" Dogo ya kwashe da dariya. "Waɗanga ukun da iska ke kaɗawa? Ai in sunka ɗaga hanci sai su hwaɗi ta baya."

"Ko a kwance sun hi ka hankali."

Aka yi 'yar dariya, irin ta masu yunwa, wadda ba ta daɗewa. Sajo ya miƙe ya dogara da sandarsa, ya dubi gabas inda sama ta yi fari fat.

"Zahin ga ba banza ba," ya ce. "Za a yi wani ruwa nan kusa. Amma baƙo ne, ba mazauni ba. Na gaskiya da saura, sai watan gobe ya tsuhwa."

Shi ma Labo abin da ya gani ke nan.

Da Sajo ya tafi wajen shanunsa, Dogo ya matso. Wasa ya fita daga muryarsa.

"Taubashi, ka lura an daina jin turmi a garin ga?"

"Mi za a daka?"

"To ai shi ne. Turmi shina da murya, dutsin niƙa ba shi da ita. Kowace mace tana ɗaka tana niƙa a ɓoye. Mi kake zato suke niƙawa? Ni damina ya koma rabi, kuma ba ni ɓoye maka, ni da hannuna na hid da shi. Ɗiya na kuka, kana kallon hatsi a rataye, mi za ka yi? In anka ƙara wata guda, ruwa za shi iske mu da sungumi da hannu wohi." Ya tattara batiransa yana hura su. "Wallahi gwamma shi shiga ƙasa. Abin da ke cikin ƙasa, ciki ba shi kai gare shi."

Ya faɗa ne kawai, kamar yadda yake faɗin komai. Amma maganar ta bi Labo har gida.

Ba a jima ba abin da Sajo ya faɗa ya zo. Bayan la'asar hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, iska ta kwashe dangogi, aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Mata suka fito da tukwane da tasoshi. Tsofaffi suka tsaya a ƙofar ɗaki suna kuka ba su sani ba. Kafin a ce me, ya ɗauke. Ƙamshin ƙasa ya cika gari, irin ƙamshin da ke sa mai hankali ya rasa hankalinsa.

Washegari da sassafe duk tungar tana bakin gonar Labo, Liman a gaba. Labo ya shiga shi kaɗai har tsakiyar gona, ya juya wa jama'a baya kamar yadda aka saba, ya durƙusa ya yi bisimilla ya tona.

Yashin sama da sanyi. Hannu ya shiga har tsintsiya, ya ɗan wuce kaɗan. Daga nan sai yatsunsa suka faɗa cikin ɗumi, busasshen yashi yana zuba tsakaninsu kamar gari. Ya matsa gaba ya sake tonawa. Haka. Ya gangara wajen kwari inda ruwa kan kwanta. Nan ma bai kai rabin hanya zuwa gwiwa ba. Wannan ruwa zai ta da tsiro, ba zai riƙe shi ba. In wani bai biyo bayansa da wuri ba, duk abin da aka zuba ya tafi.

Ya daɗe a durƙushe. Yana jin tarin mutane a bayansa. Ya tuna damin da ke ramewa, ya tuna dutsen niƙa marar murya, ya tuna farin abu a ƙwarya. Ya ce a ransa, in na ce a jira, mata za su cinye shi. In na ce a shuka, wataƙila Allah ya biyo da wani. Sai ya debi jiƙaƙƙen yashin sama da hannun hagu, ya shafa wa na dama tun daga tsintsiya har gwiwa, ya danna don ya manne. Ya miƙe, ya juyo, ya ɗaga hannun.

"Alhamdu lillahi!" in ji Liman. Mata suka rangaɗa guɗa. Dogo ya jefa hularsa sama.

Kada wani ya ce tausayi ne kawai. Tausayi akwai, ba a musu. Amma wanda aka ba amanar dubawa, aikinsa ya faɗi abin da ya gani, shawara kuwa ta masu abu ce. Da ya ce, "Jama'a, bai kai ba, ga kuma abin da nake tsoro," da kowa ya zaɓa wa kansa, wani ya zuba rabi, wani ya jira. Shi kuwa ya zaɓar wa gari guda, bai tambayi kowa ba, kamar yadda bai tambayi matarsa ba.

Mutum ɗaya ne bai yi murna ba. Sajo ya zo kwashe shanunsa, don in an fara shuka dabba ba ta kwana a gona. Ya bi ta kusa da ramin da Labo ya tona, ya soka sandarsa, ya zaro, ya dubi bakinta. Ya dubi hannun Labo.

"Allah shi ba da sa'a, Kaɗo," ya ce, ya kora shanunsa ya nufi fadama.

Labo ya fid da damin biyu ya kawo tsakar gida a sussuka. Da yake ajiyewa a gaban Barira sai ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "Damin ga ya rame."

Ta sunkuyar da kai. "Rani ne, Malam. Kowa ya rame."

Iyakar abin da suka ce wa juna ke nan a kan maganar.

Aka shiga shuka. Labo yana gaba yana sara da sungumi, Barira tana biye da ƙwarya, ta jefa ƙwaya ta rufe da ƙafa. Ba su yi nisa ba ta tsaya.

"Malam, ƙasar ga tana ba ni zahi ƙarƙashin dunduniya."

"Ke ce mai auna ruwa yanzu?"

Ta ci gaba da jefawa. Kafin rana ta faɗi sun zuba duka. Haka kowane gida. Wanda ke da dami ya zuba dami, wanda ke da ƙwarya ya zuba ƙwarya, har tsohuwar da ta ƙulle nata a bakin zane ta kwance.

Hatsi ya tsiro. Abin ban tausayi shi ne ya tsiro da kyau, layi-layi, kore shar a kan jan yashi. Mutane sukan fita da safe su tsaya suna kallo kamar masu kallon jariri. Dogo ya ce bana sai ya ƙara rumbu. Labo ne kaɗai ke fita ya ɗaga kai sama maimakon ya dubi ƙasa. Gawo yana nan da ganyensa cif. Ba shamuwa ko ɗaya a kan itatuwan gari.

Sama ta washe, ta zauna a washe. Iska ta ci gaba da zuwa daga gabas, mai zafi, tana kwasar yashi tana watsa wa tsiron. Da farko ganyen kan naɗe da rana ya buɗe da yamma. Daga baya ya daina buɗewa. Ya koma kamar allura, ya yi fari, ya kwanta. Wani wurin ma yashi ya binne shi, ba a ga inda ya tsaya ba. Aka fita roƙon ruwa a bayan gari, maza suka juya rigunansu bai-bai, Liman ya yi addu'a har muryarsa ta dushe. Labo yana cikin sahu. Da aka ɗaga hannuwa, nasa na dama ya yi masa nauyi kamar an ɗaura masa dutse.

Babu wanda ya zarge shi, kuma wannan ya fi komai ci masa rai. In ya wuce sai a ce, "Sannu Labo. Hannunka bai yi ƙarya ba, sama ce ta hana." Ya amsa da kai ya wuce. Ya daina zama ƙarƙashin gawo. Ya rame fiye da yadda yunwa kaɗai ke ramar da mutum.

Sai da watan ya tsufa, kamar yadda Sajo ya ce. Wata safiya aka tashi aka ga shamuwa biyu suna jera ƙirare a kan tsamiyar masallaci. Gawo ya fara zubar da ganye. Iska ta juya, ta fara zuwa daga kudu maso yamma, mai sanyi, mai ƙamshin ruwa. An ce gwamnati za ta kawo iri, amma labarin ne ya iso, irin bai iso ba. Ran nan tun da hantsi aka fara ruwa, ba iska, ba tsawa, yana zuba a hankali har bayan azahar. Ruwan da manomi ke mafarki. Maza suna zaune a zaure suna kallonsa. Ba guɗa, ba wanda ya taɓa sungumi.

Da ya tsagaita, Barira ta leƙo zaure.

"Malam, zo ka gani."

Ya bi ta ɗakinta. Ta durƙusa ta jawo wani tulu daga ƙarƙashin gado, bakinsa a liƙe da laka. Ta fasa lakar da muciya, ta tura hannu, ta fito da toka. Ta hura. Hatsi ne, ƙwaya manya-manya, irin da ya zaɓa da hannunsa.

"Na hau rumbu," ta ce. "Ka yi mini abin da za ka yi."



"Can gidanmu Illela," ta ci gaba, "innata ba ta yarda iri shi kwana wuri guda. Tana cewa ruwan hwarko ba shi da amana, na biyu ake ajiye ma. Na ga shekarar ga ba ta wasa ba ce. Na san in na ce ka raba, za ka ce mi mace ta sani."

"Abin da kike ba yarinyar ga hwa? Wani abu hwari, cikin ƙwarya?"

"Garin rogo ne. Tasoshina na aika kasuwar Bazaga. Dubi bangon ɗakin ga, ka ga ko guda?"

Ya duba. Inda jeren ke nan da, sai tabon wurinsu a bango. Tun yaushe, bai sani ba.

"Mi ya hana ki hwaɗa mini?"

"Mi ya hana ka tambaya? Ka ga sawuna, ina kallonka ta danga, ka share shi da ƙahwa." Ta mayar da hatsin cikin tulu a hankali, ta kaɗe hannu. "Da ka ɗaga hannu na ce to, hannunka ya hi zatona. Amma dunduniyata, ko da ba ta ci gadon komi ba, ta ji abin da ta ji."

Ta ɗago ta dube shi. Bai iya riƙe idonta ba.

Abin da ke cikin tulun zai rufe kamar sulusin gonarsa. Da shi gidan zai iya kaiwa baɗi da ƙyar. Labo ya tsaya yana kallonsa. Ya hango a ransa gonarsa ta yi kore ita kaɗai a tsakiyar jigawa, sauran duk ja. Ya sunkuya ya rungumi tulun.

"Jikanka hwa?" in ji Barira.

"Su ma suna da jikoki."

Ba ta tare ƙofa ba. Ba ta kuma ce ya yi daidai ba.

Ana sallame la'asar ya shimfiɗa tabarma a ƙofar masallaci ya juye tulun. Toka ta tashi. Mutane suka kewaye. Dogo ne ya fara durƙusawa, ya debi hatsin ya murza a tafinsa.

"Wanga irinka ne."

"Nawa ne."

"Ashe kai ka ajiye na biyu. Mu ka ce mu zuba duka."

Kalma ɗaya za ta wanke shi daga wannan: ba ni na ɓoye ba, matata ce. Amma faɗin haka shi ne ya tsaya a ƙofar masallaci ya ce Barira ta hau rumbu, sunan kuwa zai bi ta har kabari. Ya haɗiye.

Liman, dattijo ne mai sanyin murya, ya ce, "Labo, tsakaninka da Allah. Ruwan nan na hwarko, ya kai?"

"Bai kai ba."

"Ina ya tsaya?"

Labo ya nuna ɗan sama da tsintsiyar hannunsa.

Wani ya yi salati. Wani tsoho ya zauna a ƙasa cikin taɓo. Dogo ya miƙe, ya zubar da abin da ke tafinsa a kan tabarma. Tun suna yara bai taɓa kiran Labo da sunansa ba sai da wata tsokana. Yau ya kira.

"Labo. Rabin dami ya rage mini. Na hana ɗiyana, na kai ƙasa, don ka ɗaga hannu."

Labo yana iya tuna masa abin da ya faɗa a ƙarƙashin gawo. Bai tuna masa ba. Dogo magana ya yi, shi kuwa yashi ya shafa.

Ba wanda ya ƙi karɓa, don yunwa ba ta san fushi ba. Liman ya aika aka kawo ludayi, ya raba gida-gida, ya ba Labo daidai da na kowa. Kowane mutum ya ƙulle nasa a bakin riga ya juya. Ba a ce na gode ba, ba a zage shi ba. Kafin ya naɗe tabarma ya fara jin ƙarar sungumi daga gonaki. Ba wanda ya jira a gaya masa.

Ya tafi gonarsa. Ƙarƙashin gawo ganye ya rufe ƙasa. Ya shiga har tsakiya, ya durƙusa, ya tona. Hannu ya shige cikin sanyi, ya wuce tsintsiya, ya yi ta shiga har ya kai gwiwa, danshin bai ƙare ba. Ya miƙe ya juyo ya ɗaga hannun, don jikinsa ya saba.

Babu kowa a bakin gona sai Barira, riƙe da ƙwarya, hatsin bai ko rufe gindinta ba.

"Ya kai," ya ce.

"Kowa ya sani, Malam. Sara mu tahi."

Ya ɗauki sungumi. Suka fara daga kwari, inda ƙasa ta fi ƙarfi, tana jefa ƙwaya bibbiyu maimakon yadda aka saba. Ba su kai ko gindin gawo ba ƙwaryar ta ƙare. Barira ta kife ta, ta buga gindinta, ƙwaya ɗaya ta faɗo, ta sa ƙafa ta rufe. Sauran gonar tana shimfiɗe a gabansu har iyakar gani, jiƙaƙƙiya, ta sha taki, babu abin da za a ba ta.